Me tafiya ƙasashen waje take ƙara wa mai zane? Misalin Hiroshi Yoshida

Tambaya

Wani ɗalibi mai koyon zane ya aiko da tambaya kamar haka: "Malam, duk lokacin da na karanta tarihin wani shahararren mai zane sai in tarar an ce ya tafi ƙasa kaza, ya dawo aikinsa ya sauya. Mene ne takamaimai tafiya take ba mai zane? Akwai bambanci tsakanin yadda mai zanen fenti da mai zanen bugu suke cin moriyar abin da suka gani a hanya? Ni kuma da ba ni da halin fita waje, an bar ni a baya ke nan?"

Amsa

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, kuma babu mai musun haka, sai dai karin maganar bai faɗa wa ɗalibi ko wane ilimi ne ba, balle yadda yake ratsowa daga ido ya sauka a kan takarda. Saboda haka na ga ya fi amfani in ɗauki mutum guda mu bi sawunsa tun daga tashar jirgin ruwa har teburin aikinsa. Mutumin shi ne Hiroshi Yoshida, ɗan ƙasar Japan, wanda aka haifa a garin Kurume a shekarar 1876, ya rasu a Tokyo a 1950. Na zaɓe shi ne domin ya haɗa sana'o'in nan biyu da ka tambaya a kai: ya fara da fentin ruwa da fentin mai, ya yi suna da su, sannan da shekarunsa suka doshi hamsin ya koma ga zanen bugu na katako, kuma a tsawon rayuwarsa ya taka Amurka da Turai da Arewacin Afirka da Indiya da Koriya da Sin. Jigon amsata shi ne cewa babban abin da ya ɗebo daga ƙasashen nan haske ne, wato yadda launin wuri guda yake sauyawa daga asuba zuwa hantsi zuwa dare, kuma aikin mayar da wannan haske zane a gida ya yi shi, watanni ko shekaru bayan ya sauke kaya.

Ka fara lura da cewa bai fita yana ɗan koyo ba. Yana ɗan shekara 15 wani malamin zane mai suna Kasaburo Yoshida ya ɗauke shi riƙo, ya ba shi sunan gidansa. Ya yi karatu a Kyoto, daga nan ya koma Tokyo makarantar Shotaro Koyama, inda ake horar da ɗalibai a kan salon Turawa, a fita da su ƙauyuka da fensir su yi ta zana hanya da gida da bishiya har hannu ya faɗa. Mutum ne kuma mai hawan tsauni, wanda idan lokacin zafi ya zo yakan hau manyan duwatsun tsakiyar Japan ya kwana a can yana jiran gari ya waye ya zana, har ma ya raɗa wa ɗansa na biyu sunan ɗaya daga cikin tsaunukan, Hodaka. Wanda ya saba zaman jiran haske a kan dutsen ƙasarsu, idan ya tsaya gaban dutsen wata ƙasa yana da ma'aunin da zai auna shi da shi, ya san inda suka yi kama da inda suka saɓa. Wanda bai taɓa yin wannan zaman ba kallo kawai zai yi ya wuce.

A 1899, yana da shekara 23, ya hau jirgi zuwa Amurka tare da abokinsa Hachiro Nakagawa, guzurinsu ƙalilan, kayansu kuwa tarin zanen fentin ruwa. Gidan adana zane na birnin Detroit ya baje kolin ayyukansu, mutane suka saya, a shekarar da ta biyo baya aka sake baje su a Boston, kuɗin da suka samu ya kai shi Ingila da Faransa da sauran ƙasashen Turai kafin ya koma gida a 1901. Ya sake fita daga 1903 zuwa 1907 tare da Fujio, 'yar marikinsa wadda ita ma mai zane ce kuma daga baya ya aura, a wannan karon suka bi har Andalus da Maroko da Masar. Abin da ya kamata a faɗa a fili, wanda masu yabon tafiya ba su cika son ambata ba, shi ne cewa amfanin farko da tafiya ta yi masa na kasuwa ne. Ya gano cewa akwai masu saye a ƙetaren teku, ya koyi harshensu, ya san abin da idonsu yake so, kuma wannan sani ne ya ba shi ƙarfin halin tsayawa da ƙafarsa daga baya. Ni ban ga aibi a cikin wannan ba, domin mai zanen da bai ci abinci ba ba zai daɗe yana zane ba.

Shigarsa harkar bugu ta zo a makare. A 1920 ya fara ba wani mawallafin Tokyo mai suna Shozaburo Watanabe zane yana bugawa, kuma ayyukan da suka yi tare ba su kai goma ba lokacin da girgizar ƙasar ranar 1 ga Satumba 1923 ta afka wa Tokyo da Yokohama, ta hallaka mutane fiye da 100,000, gobarar da ta biyo baya kuma ta cinye shagon Watanabe da katakan da aka sassaƙa. A ƙarshen wannan shekarar Yoshida ya ɗauki ayyukansa da na abokan sana'arsa da bala'in ya shafa ya nufi Amurka karo na uku domin ya sayar. A can ne ya ga zanen fenti yana jan ƙafa a kasuwa, zanen bugu kuwa ana rububinsa. Da ya dawo ta Turai a 1925 sai ya buɗe nasa ɗakin aiki, ya ɗauki masassaƙa da masu bugu, ya zauna ya koyi sana'o'in biyu da hannunsa domin kada ya umarci ma'aikaci da abin da shi kansa bai iya ba. Duk takardar da ta fito ƙarƙashin kulawarsa yakan buga mata ɗan hatimi a gefe mai shaida hakan, ya rubuta sunan zanen da Ingilishi da fensir a ƙasa, abin da ke nuna maka wa yake tunanin zai saya.

A nan dole in ɗan tsaya in bayyana yadda ake wannan bugu, domin amsar tambayarka ta biyu a cikinsa take. Mai zane yakan zana layukan hoton a siririyar takarda, a manna ta a kife a kan katakon wata bishiya mai tauri da ake kira ceri, masassaƙi ya ƙwaƙule duk inda babu layi ya bar layukan a tsaye. Daga wannan katako na farko ake buga kwafin da za a yi amfani da su a sassaƙa sauran katakan, kowane da yankin launin da zai ɗauka. A gefen kowane katako ana yanka alamomi biyu inda bakin takarda zai zauna, domin launi ya faɗa daidai gurbinsa komai yawan bugun da aka yi. Mai bugu yakan shafa launin ruwa da ɗan kunun shinkafa mai danƙo a kan katakon da burushi, ya ɗora takardar hannu mai ɗan laima, ya murza bayanta da wani ɗan faifai da aka naɗe da ɓawon gora, sunansa baren. Babu inji ko ɗaya a cikin aikin. Launin kuwa sirara ne, ana ganin na ƙasa ta cikin na sama, saboda haka zurfinsa daga maimaici yake zuwa, kamar yadda marini a Ƙofar Mata yake tsoma yadi a baba ya fitar ya sake tsomawa, kowane tsomi shuɗin yana ƙara duhu. Bugun gargajiya na Japan yakan tsaya a bugu goma da 'yan kai a kan takarda guda. Na Yoshida yakan kai talatin, kuma hoton wata ƙofar wurin ibada ta garin Nikko na Japan da ya fitar a 1937 sai da aka ɗora takardarsa a kan katako sau 96.

Ayyukan farko da suka fito daga wannan ɗaki a 1925 duk na tafiya ne. Akwai jerin Amurka, wanda ya ƙunshi babban kwazazzabon Grand Canyon da magangarar ruwan Niagara da dutsen El Capitan da tsaunin Rainier, akwai kuma jerin Turai mai tsaunukan Suwizalan da magudanan ruwan Venice da kangon Acropolis na Atina, har da gunkin Sphinx na Masar. Idan ka dubi jerin nan da kyau za ka ga wani abu yana maimaituwa: tsaunin Matterhorn ya fito sau biyu, ɗaya da rana ɗaya da dare, haka Acropolis, haka Sphinx. Katakan ɗaya ne, layukan ɗaya ne, raƙuman da ke gaban gunkin ba su motsa ba, launi kaɗai aka sauya da yadda aka shafa shi, amma hoton farko yashi ne mai zafi ƙarƙashin sararin sama fayau, na biyu kuwa shuɗin dare ne mai sanyi. Wannan ita ce babbar damar da bugu yake ba matafiyi. Siffar wuri sau ɗaya ake ɗauko ta, a kulle ta cikin katako, sannan a yi ta zuba mata sa'o'i daban-daban gwargwadon abin da ido ya riƙe da abin da aka rubuta a littafin zane.

Ka kwatanta wannan da wahalar da mai fenti yake sha idan ya nemi abu iri ɗaya. Claude Monet na Faransa ya je Landan sau uku tsakanin 1899 da 1901, ya kama ɗaki a otal ɗin Savoy mai kallon kogin Thames, yana zana gadoji da ginin majalisa cikin hazo. Da yake kowace sa'a tana bukatar nata kyallen zane, sai ya jera kyallaye da yawa yana tsalle daga wannan zuwa wancan duk lokacin da haske ya juya, har suka kai kusan ɗari, kuma duk da haka bai gama su a Landan ba. A gidansa na Giverny ya ƙarasa su, ya baje 37 daga ciki a Paris a 1904. Abin da Monet ya nema da kyalle ɗari, Yoshida ya neme shi da tarin katako guda da kwanonin launi. Kowace hanya da ribarta: fenti yana riƙe rawar hannu da gaggawar lokacin da aka yi shi, bugu kuwa yana tilasta wa mai shi ya yanke hukunci tun kafin a fara sassaƙa, ya ce wannan inuwa daga nan ta fara a nan ta ƙare, domin wuƙa ba ta san wataƙila ba.

Tafiyar da ta fi nuna hanyar aikinsa ita ce ta Indiya. Ya tashi a watan Nuwamba 1930 tare da babban ɗansa Toshi, mai shekara 19 a lokacin, suka bi ta Singafo da Rangun ta ƙasar Burma suka shiga Indiya, suka yi wajen wata huɗu suna yawo. Bai tafi da ka ba. Tun a Tokyo ya karanta abin da zai iya samu game da ƙasar, ya tsara hanyarsa, ya zaɓi lokacin sanyi da sama take washewa domin ya ga tsaunin Kanchenjunga daga Darjeeling, ya kuma lissafa kwanakin wata domin isarsa Agra ta dace da farin wata a kan Taj Mahal. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna maka abin da ya je nema. Siffar Taj Mahal ba baƙuwa ba ce ga kowa a 1930, hotunanta na kyamara sun cika duniya, kuma da siffar yake so da bai bar gida ba. Abin da hoton kyamara na wancan zamani, baƙi da fari, ba zai gaya masa ba shi ne wane launi farin dutsen ƙubbar yake komawa idan hazon safiya ya taso, da wane launi yake komawa da tsakar dare.

Daga wannan tafiya ya fitar da zanen bugu 32 a cikin 1931 da 1932. Shida daga ciki ya lasafta su a matsayin jerin Taj Mahal, kabarin da sarki Shah Jahan ya gina wa matarsa Mumtaz Mahal wadda ta rasu a 1631, kuma biyun ƙarshe, na hazon safiya da na dare, daga katako ɗaya suka fito. Sauran sun haɗa da wurin ibadar mabiya addinin Sikh mai rufin zinariya a Amritsar, da matakalan bakin kogin Ganges a Benares, da wuraren ibada da aka sassaƙa cikin dutse a Ajanta da Ellora, da fadar tsakiyar tafki a Udaipur, da ayarin raƙuma da ya gangaro daga Afganistan, wanda shi ma ya buga shi da rana ya kuma buga shi da dare. A ganina wanda ya fi duka shi ne na Fatehpur Sikri, birnin da sarki Akbar ya fara ginawa a 1571. Hoton cikin gini ne: mutane zaune a ƙasa, bayansu tagogin dutse da aka huda da zanen taurari da kusurwoyi irin na ginin Musulmi, rana tana tsiyayowa ta hujojin tana kwanciya a kan daɓe mai santsi. Kusan babu launi mai ƙarfi a cikinsa, ruwan ƙasa ne da ruwan toka da rawaya mai laushi, amma sai da aka buga takardar fiye da sau arba'in kafin hasken ya zauna yadda yake so. A Japan akwai tagogin takarda masu tace rana, saboda haka idonsa ya riga ya san hasken da aka tace. Abin da Indiya ta ƙara masa shi ne ganin dutse yana yin wannan aiki, da rana mai ƙarfin da ba a samu a ƙasarsu.

Ka lura kuma da tazarar da ke tsakanin gani da bugawa. A hanya abin da yake yi zanen fensir ne da ƙananan zane-zanen fenti na gaggawa. Da ya koma Tokyo ne aikin gaske ya fara: ya zaɓi wanda zai shiga katako ya ajiye saura, ya rage cunkoso, ya matsar da mutum ko bishiya inda hoton yake bukata, ya rarraba launin da ya gani dunƙule zuwa sirara-sirara da za a ɗora bisa juna, sannan ya tsaya kan mai bugu ana gwaji ana zubarwa. Masassaƙin da ya yanka hujojin tagar Fatehpur Sikri ɗaya bayan ɗaya da mai bugun da ya murza su ba su taɓa ganin Indiya ba, abin da ke cikin kan maigidansu da littafinsa suke bi. Shi ya sa mai bugu yake bukatar rubutu da ma'auni a littafinsa fiye da mai fenti, domin abin da ya gani sai ya bi ta hannun wasu, ko ta nasa hannun a matakai da yawa, kafin ya fito.

Akwai kuma abin da tafiyar ba ta ba shi ba, kuma rashin adalci ne a gare ka in ɓoye shi. Shekarar 1930 ita ce shekarar da Gandhi, jagoran neman 'yancin Indiya, ya yi tattakin bijire wa harajin gishiri na Turawan mulkin mallaka, aka kama dubban mutane, shi kansa yana tsare har watan Janairu 1931, wato lokacin da Yoshida yake cikin ƙasar. Babu ƙurar wannan ko kaɗan a cikin zane 32 ɗin nan. Akwai ginin tunawa da Sarauniya Victoria na Calcutta yana sheƙi a kan ruwa, akwai masu wasa da maciji, akwai giwa, mutanen Indiya kuwa galibi ƙananan siffofi ne masu rawani da aka sa domin a gane girman gini ko a sami ɗigon ja a inda ake bukatarsa. Mutum mai wucewa cikin wata huɗu, wanda bai jin harshen mutane, abin da ya fi sauƙin shiga idonsa shi ne gini da tufafi da rana. Haka kuma daga 1938 zuwa 1940 ya bi sojojin Japan zuwa Sin a matsayin mai zanen rundunar, a lokacin da suke mamayar ƙasar, kuma tafkuna da lungunan garuruwan Sin da ya buga a wancan zango shiru suke kamar babu yaƙi. Gwanintarsa ba ta ragu da wannan ba, amma ya kamata ɗalibi ya san iyakar abin da idon baƙo yake kamawa.

Ta ɓangaren masu fenti, misalin da ya fi bayyana yadda tafiya take daɗewa tana aiki a cikin mutum shi ne Eugène Delacroix, mai zanen fenti ɗan Faransa. A watan Janairu 1832 ya sauka birnin Tanja na Maroko cikin tawagar jakadan Faransa da aka aika wurin Sarkin Maroko Mulai Abdurrahman, shekara biyu bayan Faransa ta kama birnin Aljas. Ya je Meknes, ya leƙa Andalus, ya bi ta Aljeriya, ya koma gida bayan wata shida, kuma bai sake taka Afirka ba. A hanya ya cika littattafan aljihu da zanen gaggawa, yana rubuta sunayen launuka da kalmomi a gefen alkyabba ko sirdi ko bango saboda babu lokacin haɗa fenti. Daga waɗannan littattafai ya yi ta ɗiba har ƙarshen ransa: hoton matan Aljas a ɗakinsu ya fito a 1834, na bikin auren Yahudawa da ya halarta a Tanja an baje shi a 1841, na Sarkin Maroko a kan doki a ƙofar Meknes a 1845, kuma a 1863, shekarar da ya rasu, yana nan yana zana mahayan Arewacin Afirka. Ya rubuta a littafin tarihin kwanakinsa, bayan shekara ashirin da tafiyar, cewa bai fara yin abin kirki da ita ba sai da ya manta ƙananan bayanai har abin da ya fi tasiri kaɗai ya rage masa. A nan hanyoyin biyu suka rabu sarai. Mantuwa tana taimakon mai fenti domin tana tace masa, amma tana buɗe ƙofar ƙari da ƙawa, kuma an daɗe ana sukar Delacroix da waɗanda suka biyo bayansa da cewa Gabas ɗin da suka zana rabinsa mafarkin Bature ne. Yoshida kuwa yakan buga da wuri, cikin shekara ɗaya ko biyu, tun launin yana ɗanye a idonsa, shi ya sa wurarensa suke kama da kansu har matafiyin yau zai iya tsayawa inda ya tsaya.

Saura tambayarka ta ƙarshe. A'a, ba a bar ka a baya ba, kuma hujjar tana cikin aikin Yoshida kansa. Cikin zanen bugu kusan 250 da ya bari, mafi yawa na Japan ne, kuma wanda aka fi saninsa da shi jiragen ruwa ne masu tafiya da iska a tekun Seto, wanda ya buga a 1926 sau shida daga katako ɗaya: safiya, hantsi, bayan azahar, hazo, yamma da dare. Dabarar da ya gwada a kan Matterhorn da Sphinx a gida ta kai maƙura. Kafin shi, Hokusai da Hiroshige, shahararrun masu zanen bugu na Japan waɗanda ayyukansu suka girgiza masu zanen Paris, ba su taɓa fita Japan ba, domin a zamaninsu hukuma ta hana 'yan ƙasa fita; tafiyarsu a kan hanyoyin cikin gida ta tsaya. Akwai ma wanda fitarsa waje gida ta nuna masa. Ibrahim El-Salahi, wanda aka haifa a Omdurman ta Sudan a 1930, ɗan malamin makarantar allo, ya yi karatu a makarantar zane ta Slade a Landan daga 1954 zuwa 1957, ya dawo Khartum da hotuna irin na Turawa, ya baje su, mutanen garinsu ba su ga kansu a ciki ba. Wannan ne ya mayar da shi ga harafin Larabci da zayyanar allo da adon kayan gida da ya tashi a cikinsu, kuma da wannan salon ne duniya ta san shi, har gidan Tate Modern na Landan ya yi baje kolin ayyukan rayuwarsa a 2013.

Abin da zan ba ka shawara ka yi shi ne ka ɗauki aikin matafiyi ka yi shi a inda kake. Ka zaɓi wuri guda da za ka iya komawa kullum, ƙofar gari ce ko bakin kasuwa ko gindin dutse, ka zana siffarsa sau ɗaya da kyau har ka gamsu da layukan. Daga nan ka riƙa zuwa a lokuta daban-daban, bayan sallar asuba, da rana tsaka, da la'asar sakaliya, cikin hazon hunturu da kuma bayan an ɗauke ruwan sama a watan Agusta, kana rubuta kwanan wata da sa'a, kana rubuta launin bango da na inuwa da na sama da kalmomi kamar yadda Delacroix ya yi. Kada ka dogara da kyamarar waya a wannan aiki, domin tana gyara haske da kanta, ta haskaka inuwa ta rage ƙarfin rana, ta ba ka hoton da ya fi abin da ka gani daɗi amma ya saɓa masa. Ka yi amfani da ita wajen riƙe siffa kawai. Idan ba ka sami katakon ceri ba, falankin filawud mai laushi ko ledar daɓe mai kauri ta linoliyam za su yi, bayan cokali kuma zai tsaya a madadin baren. Ka sassaƙa katakon layi ɗaya da na launi uku ko huɗu, ka yanka alamomin gefe da kulawa domin a nan masu koyo suka fi faɗuwa, sannan ka buga wurin nan sau uku da launuka daban, na safe da na yamma da na dare, ka jera su ka kira wanda ya san wurin ka tambaye shi ko zai iya faɗin lokacin kowanne ba tare da ka gaya masa ba. Idan ya kasa, ka koma da littafinka ka sake duba launin inuwa, domin galibi a nan kuskuren yake: masu koyo sukan sa mata baƙi ko ruwan toka, alhali da safe takan karkata zuwa shuɗi, da yamma kuma zuwa shunayya.